Tikitin jirgin ƙasa na yini ɗaya a jihar Bavariya: zai ishe mu yawon buɗe ido?

Abu Safiyya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Jamus. In Allah ya yarda, a watan gobe zan je birnin Munich tare da maiɗakina da ƙanena da kuma 'yarmu mai shekara 10. Kwana takwas za mu yi, a ciki muna so mu ware uku domin fita wajen gari: rana ɗaya mu ga fadar Neuschwanstein, rana ɗaya mu je Salzburg, ta ukun kuwa ba mu tsayar da inda za mu nufa ba tukuna. An ba ni labarin wani tikiti mai suna Bayern-Ticket, wato tikitin jihar Bavariya inda Munich take, wanda aka ce guda ɗaya tak zai ɗauke mu gaba ɗaya tsawon yini, sai na ga arahar ta yi yawa har ta sa ni shakka. Shin kowane jirgi ake shiga da shi? Yana aiki har Salzburg, alhali garin yana cikin Ostiriya? Ko kuwa gara mu sayi tikitin wata na ƙasa baki ɗaya, mu huta da lissafi?

Baƙon Isar:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiyya. Labarin da aka ba ka gaskiya ne, sai dai an ba ka rabinsa. Tikitin yana ɗaukar mutum ɗaya zuwa biyar, kuma a farashin 2025 mutum na farko Yuro 32 ne, kowane ƙari Yuro 10, wato ku manya uku Yuro 52 ke nan, ita kuma yarinyar ba za a biya mata komai ba, domin tikiti ɗaya yana tafiya da yara har uku 'yan shekara 6 zuwa 14 kyauta. Ka sake duba farashin kafin tafiya, saboda akan sauya shi a watan Disamba. Idan ka saya a na'ura ko a manhaja, kuɗin da aka rubuta za ka biya. Idan a kanta ne wajen ma'aikaci, akwai ƙarin Yuro 2.

Rabin da ba a faɗa maka ba shi ne sharuɗɗa biyu da suka sa tikitin ya yi araha. Na farko, jiragen yanki kaɗai ake shiga da shi, wato waɗanda sunansu a allon tasha ya fara da RE ko RB ko S, tare da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na kan titi da bas-bas na cikin Munich da Nuremberg. Duk wanda ka ga an rubuta masa ICE ko IC ko EC ko RJ, wato jirage masu sauri na dogon zango, ba naka ba ne, ko da kuwa garin da za ka shi ma can ya nufa, ko da layi ɗaya suke tsayawa da naka. Wanda ya shiga irinsu da wannan tikiti ana ɗaukarsa a matsayin marar tikiti, kuma tarar ba ta gaza Yuro 60 ga kowane mutum ba. Haka nan idan jirginka ya makara, ba ka da damar komawa mai sauri domin cike gurbin lokaci, sai dai ka jira na yanki da ke biye. Akwai wurin da ake zaɓar jiragen yanki zalla a manhajar neman jirgi, ka kunna shi tun farko, don kada ta riƙa nuna maka abin da ba za ka iya hawa ba.

Na biyu shi ne lokaci. Daga Litinin zuwa Juma'a tikitin ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, sannan ya ƙare ƙarfe 3 na daren da ke biye, an yi haka ne domin kada masu yawo su cika taragai a lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta ke tafiya. Ranakun Asabar da Lahadi da na hutun hukuma kuwa yana farawa tun tsakar dare. Jirgin da ya tashi tara saura minti biyar bai shiga ciki ba, kuma wannan ya haɗa da jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai ku babbar tasha daga masauki.

Game da Salzburg, hankalinka ya kwanta, tikitin yana aiki har babbar tashar garin, tafiyar kusan awa biyu ce. Bas ɗin cikin gari ne dai ba ya cikinsa, amma tsohon garin bai wuce tafiyar minti ashirin a ƙafa ba, inda gidan da aka haifi Mozart a 1756 yake, ga kuma ganuwar Hohensalzburg da aka fara ginawa a 1077 tana kallon kowa daga kan dutse. Kowa ya riƙe fasfonsa, domin tun 2015 'yan sandan Jamus sukan duba takardu a wannan iyaka, duk da cewa ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, inda a bisa al'ada ba a duba takardu a kan iyaka. Ka kuma sa biro a aljihu: dole ne a rubuta sunan kowane matafiyi a jikin tikitin takarda kafin a shiga jirgi, kuma ba a musanya wani da wani bayan an fara tafiya.

Maman Ilham:

Malam Abu Safiyya, ina so in ja hankalinka kan maganar ƙarfe tara, domin ita ce ta ci ni, kuma laifin nawa ne. Ba a shiga cikin fadar Neuschwanstein sai da tikiti mai ɗauke da lokaci, rukuni-rukuni ake shigar da mutane, zagayen kuma bai wuce rabin awa ba. Na sayi namu ta intanet na ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, a ranar Talata, ina lissafin cewa daga Munich zuwa Füssen, garin da ke kusa da fadar, awa biyu ce kawai. Ban sa a lissafi ba cewa jirgin farko da tikitinmu ya halatta mana ya tashi ne bayan tara, cewa daga tashar Füssen sai an hau bas mai lamba 73 ko 78 zuwa ƙauyen Hohenschwangau, sannan daga nan a hau tudu a ƙafa na minti talatin zuwa arba'in. Muka isa farfajiyar muna haki wajen ƙarfe ɗaya, na tsaya gaban allon da ke nuna lambobin rukuni ina laluben tamu, alhali ta wuce tun muna cikin jirgi. Ginin da Sarki Ludwig na biyu ya fara a 1869 daga waje muka gan shi, sai muka ƙarasa gadar Marienbrücke muka ɗauki hotuna.

Shawarata ita ce ku sa wannan tafiya a ranar Asabar ko Lahadi ku yi sammako, idan kuma ranar aiki ta kama, ku sayi lokacin shiga na bayan ƙarfe biyu. Salzburg ta fi dacewa da ranar aiki, domin yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Bas ɗin Füssen yana cikin tikitin, amma keken doki da ƙaramar bas da ke hawa tudun kuɗinsu daban ne. Wasu jiragen hanyar sai an sauya a tashar Buchloe, a kula da hakan.

Ɗalibin Hanya:

Ni a ganina, ranka ya daɗe, tikitin wata da ake kira Deutschlandticket ya fi sauƙi. Tun da aka fito da shi a watan Mayun 2023 ba ruwan mai shi da ƙarfe tara, kuma yana aiki a jiragen yanki da bas-bas na ƙasar baki ɗaya, har da zirga-zirgar cikin Munich a sauran kwanaki biyar ɗin da za ku yi.

Baƙon Isar:

Ɗan'uwa Ɗalibin Hanya, maganarka tana kan hanya ga mutum ɗaya da zai daɗe, amma a yi lissafin iyalin nan. A 2025 tikitin watan Yuro 58 ne, kuma na mutum ɗaya ne, yaron da ya kai shekara 6 sai an saya masa nasa, wato su huɗu Yuro 232, alhali kwana uku na Bayern-Ticket Yuro 156 ne. Gaskiya ne cewa kuɗin zirga-zirgar cikin gari na sauran kwanakin zai rage wannan tazara, har ma yana iya shafe ta idan suna fita kullum. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da shi ga baƙo shi ne ba sayen lokaci ɗaya ba ne, rajista ce da ke sabunta kanta kowane wata, kuma a bisa ƙa'ida sai an soke ta kafin ranar 10 ga wata, in ba haka ba a cire kuɗin watan gaba. Yana kuma bin watan kalanda ne, don haka idan kwana takwas ɗin suka ratsa ƙarshen wata, sau biyu za a biya.

Abu Safiyya:

Allah ya saka muku da alheri. Mun tsayar da Asabar domin fadar, Litinin domin Salzburg. Ƙanena yana so rana ta uku mu hau dutsen Zugspitze, shin tikitin zai kai mu can?

Maman Ilham:

Zai kai ku garin Garmisch-Partenkirchen, amma ba zai kai ku ƙololuwar dutsen mai tsayin mita 2,962 ba, domin hawan yana da nasa tikitin, kuma kuɗin mutum ɗaya ya fi abin da za ku biya ku duka a jirgin ƙasa. Idan gari ya wayi da hazo, kada ku ɓata kuɗinku, ku juya zuwa Regensburg, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Munich, inda tsohon garin yake daf da tasha, ku taka gadar dutsen da aka gina a kan kogin Danube tun ƙarni na 12.