Neman kalma: me za mu kira "filets sociaux" da Hausa?

Mai fassara, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kalma guda nake neman ku taya ni. A labaran Faransanci da muke juyawa a gidan rediyo, "filets sociaux" kullum sai ta fito, kuma kowane mai fassara da tasa Hausar. Wani ya ce tallafi, wani agaji, wani taimakon gwamnati, wani ya bar ta da Faransancinta ya wuce. Mai saurare a Kalfu ko Bambey bai san abu guda ake nufi ba.

Ga ma'anar: tanadi ne da hukuma ke yi tun kafin masifa ta zo, don in fari ko ciwo ko tsufa ko mutuwar mai gida ta auka wa iyali, kada su kai ƙasa. A nan Nijar ya haɗa da kuɗin wata-wata da aka soma bai wa gidaje marasa ƙarfi a 2011 da hannun Bankin Duniya, a lokacin jika 10 kowane wata har shekara 2, yawanci a hannun mata. Akwai hatsin OPVN, ma'aikatar ajiyar cimaka ta ƙasa, da ake sayarwa da rahusa in rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, da abincin ƴan makaranta, da aikin gyaran fako a biya mutum.

Shiri nake haɗawa kan yadda wannan tanadi ke shafar jin daɗin jama'a da ƙarfin tattalin arziki. In kalmar ta karkace, shirin duka ya karkace.

Ɗan Tabalak

Wa alaikumus salam. "Filet" dai raga ce, amma don Allah kada a ce ragar al'umma. Mu nan bakin tabki raga kama kifi take yi, kuma abin da ya shige ta ba ya komawa ruwa. Mutum zai ji kamar tarko aka ɗana masa.

Ɗaliba, jami'ar Abdou Moumouni, Yamai

Gaskiyarka, Yaya. Ragar da Turawa ke nufi wata ce daban: wadda ake shimfiɗa wa masu wasan lilo a kan igiya can sama, in hannun mutum ya kuɓuce ta tare shi. Mu ba mu da wannan wasa, don haka hoton ba zai zauna a kan kowa ba. Kalmar kuma ta yaɗu a ƙasashenmu ne zamanin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990, musamman bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Ke nan tun farko an kawo ta ne a matsayin abin rage raɗaɗi.

Kan jin daɗi, Malam, ga abin da zai yi maka amfani. Rahoton jin daɗin ƙasashen duniya ya soma fita a 2012. Ba a tambayar mutum ko ya yi dariya jiya don a jera ƙasashe. Ana ce masa ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, ya faɗi inda yake tsaye. Tun 2018 Finlan ke kan gaba, Danmak na kusa da ita, Nijar kuwa a rahoton 2024 ƙasashe sama da 100 ne a gabanta. Cikin abubuwa 6 da masu rahoton ke bayyana bambancin da su akwai arzikin ƙasa, da tsawon rai cikin lafiya, da ƴancin zaɓi, da kyauta, da yadda mutane ke ganin cin hanci, sai kuma wannan tambaya: in ka shiga matsala, kana da wanda za ka dogara gare shi? Amurka ta fi Finlan kuɗi a kan kowane mutum, amma tana bayanta a jerin.

Saboda haka ni ba na son "farin ciki" a wannan shiri. Farin ciki na ranar suna ne da ranar salla. Abin da ake aunawa gamsuwa da rayuwa ce.

Mushen lakwal, Illela

Na karɓi gamsuwa da rayuwa. Amma mu koma kan babbar kalmar.

Agaji ba ta yi ba, domin agaji bayan gobara yake zuwa. Sadaka ba ta yi ba, domin mai bayarwa ke da zaɓi, in ya ga dama ya hana. Tallafi ta yi faɗi, tana ɗaukar taki da man fetur da buhun shinkafar ɗan siyasa. "Wadata Talaka" suna ne mai daɗi da aka sa wa zango na biyu na shirin kuɗin wata-wata, amma sunan furoje guda ne, ranar da furojen ya ƙare sunan ya bi shi.

Tunda ƙanwarmu ta kawo zancen dogara, ni na ce madogarar al'umma. Gajera ce, ba ta da wulaƙanci, tana shiga takardar hukuma ba tare da an gyara ta ba.

Hajiya, uwar asusu, Konni

Sannunku da aiki. Mushe, kalmarka ta yi kyau a takarda, amma ban taɓa jin wata mace ta furta ta ba. Mu dai kuɗin furoje muke cewa. In kuwa ka tambayi wadda ta samu me suka yi mata, amsa guda za ta ba ka: sun rufa mini asiri.

Ku duba me ke cikin wannan magana. Mace mai rufin asiri ba mai dukiya ba ce. Ita ce wadda hayaƙi ke tashi gidanta kullum, wadda ba ta aika yaro da ƙwarya gidan maƙwabta, wadda in ɗanta ya yi zazzaɓi da dare ba sai ta kai akuyarta kasuwa da safe ta sayar a wulaƙance ba. Ba yawan kuɗin ne ya gyara mata zama ba, jika 10 nawa take? Sanin da ta yi cewa wata mai zuwa ma suna tafe, shi ya ba ta zuciyar shiga adashe, domin ba a shiga adashe da kuɗin da ba a san ranar zuwansu ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi aka fara su a 1991, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Habbanaye na Fulani ya girme su nesa: a ba ka dabba mace ta haihu a hannunka, ka riƙe ƴaƴa ka mayar da uwa. Ga zakka, ga gayya, ga abin da ƴaƴanmu ke aikowa daga Abijan da Libiya. Duk sunansu guda a bakinmu. Ni rufin asiri na zaɓa.

Dattijo, Keita

Ƴaƴana, Allah shi yi muku albarka. Ku bari in sa baki, don mun ga abin da ba ku gani ba.

Yunwar 1973 da 1974 mun gan ta. Dabbobi sunka ƙare, mutanen arewa sunka sauko ba su da komi. Taimako ya zo daga waje, amma zancen da ka yawo shi ne bai kai ga masu shi ba, kuma cikin Afrilun 1974 soja sunka kau da shugaban ƙasa Diori. Shekara goma baya ga haka ga yunwar El Buhari, 1984. Maza sunka watse bida, mata anka bari da duwatsun Adar. Su ne sunka yi aikin furojen Keita, suna jera duwatsu suna dasa itace ana ba su abinci. Wanda duk ya san tudunnan nan da, ya san aikin nan bai faɗi banza ba.

Abin da ni koya shi ne, gida ba ranar yunwa yaka mutuwa ba. Ranar da mai gida ya ci irin shuka, ya saida garma da jaki, ya jinginar da gona, ran nan ya mutu, ko da ruwa sun dawo baɗi. To kalmarmu ta da ita ce rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai wuya ta kai wuya. Mi ya hana a ɗauke ta?

Mai fassara, Tawa

Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Rumbun tsimi ta fi kowace kalma tsufa a wannan fage, sai dai tana da mai ita. In na faɗe ta a rediyo, kowa bankin hatsi na gari zai gani. Ba za ta ɗauki kuɗin wata-wata ba, balle maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da fiɗar haihuwa da aka ce kyauta ne tun 2006. Zan bar ta a wurinta, a matsayin reshe guda.

Mushen lakwal, Illela

Hajiya, maganarki ta shige ni, amma ina da ja biyu.

Na farko, Allah ne mai rufin asiri. Ina tsoron mu jingina wa gwamnati abin da ba nata ba.

Na biyu ya fi damuna. Na ga yadda ake zaɓen masu karɓa a wasu garuruwa. A tara mutane a dandali, a kira sunaye da ƙarfi, a tambayi mutum sau nawa ake ɗora tukunya gidansa, mata su yi layi cikin rana, wani ya ɗauki hotonsu da kuɗi a hannu. Akwai dattijon da na sani, yana cikin tsananin buƙata, ya hana a rubuta gidansa don kada a ji. Wannan tonon asiri ne. Yaya za mu kira shi da kishiyar sunansa?

Hajiya, uwar asusu, Konni

Mushe, na farkon ba ja ba ne. Allah ne mai ciyarwa, amma muna cewa wane yana ciyar da marayu. Wanda ya ranta maka kuɗin magani kakan ce ya rufa maka asiri, ba wanda ya ce ka yi saɓo.

Na biyun kuwa gaskiya ka faɗa, na sha tsayawa cikin irin layin nan tare da matan ƙungiyarmu. To shi ya sa nake son sunan. In ana kiransa taimako, wa zai buɗe baki? An ba ka, ka yi godiya ka tafi. In kuwa rediyo na cewa rufin asiri safe da yamma, ranar da aka zo da abin ɗaukar hoto sai tsohuwa ta tambaya: wannan ne rufin asirin? Ka ba ta abin da za ta riƙe su da shi.

Ɗaliba, jami'ar Abdou Moumouni, Yamai

Ina bayan Hajiya, kuma bincike ma na bayanta. A 2022 mujallar Nature ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a nan Nijar kan matan da ke karɓar kuɗin wata-wata. Dukansu an sa su cikin asusu da horon sana'a. Wasu aka ƙara musu jari na jika 80, wasu aka ƙara musu horon ƙarfafa zuciya da zaman tattaunawa da mutanen gari kan mutuncin sana'ar mace, wasu aka haɗa musu duka biyun. Kowane rukuni ya ci gaba a samu da abinci da kwanciyar hankali, amma in aka auna riba da abin da aka kashe, rukunin ƙarfafa zuciya ne ya fi. Mutunci yana cikin lissafin, ba ado ba ne.

Abin da Baba ya faɗa kan irin shuka shi ne dukan zancen ƙarfin tattalin arziki, sai dai a faɗaɗa shi. A rikicin kuɗi na 2008 zuwa 2009, da kuma lokacin korona a 2020, Jamus ta biya wani kaso na albashin ma'aikatan da aka rage wa awoyi don kada masana'antu su sallame su, da kasuwa ta dawo ba a sake neman ma'aikata daga farko ba. Habasha ta gaji da roƙon agaji kowace shekara, ta kafa tsayayyen shiri a 2005 mai ɗaukar miliyoyin mutane. Kuɗin da talaka ya karɓa kuma ba ya kwana, gobe yana hannun mai gero da mai niƙa da tela, shi ya sa kasuwar ƙauye ba ta mutuwa gaba ɗaya a mugunyar shekara.

Abu guda ke hana ni barci. Yawancin kuɗin namu daga waje suke, kuma mun ga yadda Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi bayan juyin mulkin Yulin 2023, daidai lokacin da aka rufe iyakoki abinci ya yi tsada. CNSS kuwa, asusun fansho da kariyar ma'aikata, masu albashi take kula da su, alhali mafi yawanmu noma da kiwo da ƙananan sana'o'i muke yi. Don haka a sa kalmar tsari a gaba. Tsari abu ne mai doka da kasafi, wanda ba ya tafiya in baƙo ya tafi.

Malam, ka yi hattara da "juriya" ma. Mutanenmu sun jure har an mayar da juriyar tasu dalilin ƙyale su. Abin da ake nufi a nan ƙarfin farfaɗowa ne.

Mushen lakwal, Illela

Da "tsari" a gaba na sauko, ko da yake a takardun lakwal zan ci gaba da gwada madogara in ga wadda yara suka fi riƙewa. Sharaɗi guda: kada a ce "kuɗin rufin asiri". Kunne zai ji kamar an biya wani don ya yi shiru kan wata ɓarna.

Mai fassara, Tawa

Wannan gargaɗi ya yi, Mushe. Ga inda na tsaya. "Filets sociaux" ita ce tsarin rufin asiri, in ana son cikawa a ce tsarin rufin asirin jama'a. Kuɗin da ake bayarwa kason wata ne. Agaji na nan ga ambaliya da gobara da gudun hijira, rumbun tsimi na nan ga hatsi.

Jimlar farko ta shirin za ta zama haka: "Ƙasashen da ke da tsarin rufin asiri mai ƙarfi, mutanensu sun fi gamsuwa da rayuwa, kuma tattalin arzikinsu ya fi saurin farfaɗowa bayan masifa." Zan aika wa abokan aiki na Maraɗi da Damagaram su gwada ta a kunnen mutanensu. Hajiya, in kin yarda, ki karanta wa matan asusunku ita a zamanku na gaba ba tare da kin yi bayani ba, ki faɗa mana abin da suka fahimta.

Hajiya, uwar asusu, Konni

Na yarda, ɗana. Amma zan cire "tattalin arziki" in sa "kasuwa da noma", don haka muke faɗi. Zan kawo muku amsarsu in sha Allah.