Me ya sa 'yan wasa ke tsallake labari da darasin farko a gem mai labari?

Mai gidan gem, Gusau:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan gem a Tudun Wada, kuma kusan duk wanda ya shigo ƙwallo yake bugawa, sai a bara na sa The Witcher 3 a PlayStation 4 guda ɗaya domin masu son wani abu daban. Abin da na lura da shi ya dame ni. Da zarar mutanen cikin wasan sun fara magana, sai yaro ya dinga danna maɓalli har sai an sakar masa takobi, darasin da ake koyar da faɗa a Kaer Morhen, wurin da wasan ke farawa, ma ba ya tsayawa ya yi. Ƙanena ya kwana uku dodon nan mai fukafukai na ƙauyen White Orchard yana kashe shi, yana ta zargin hannun gem ɗin da lalacewa, alhali bai san akwai sihirin Quen da ke kare mutum daga sara ba, domin ya tsallake wurin da aka nuna shi. Shin gajen haƙuri ne kawai, ko akwai dalilin da ban gano ba?

Ɗalibi daga Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ina ganin amsar tana cikin aljihunka. Yaron da ya biya kuɗin awa ɗaya, yana kuma sane da cewa ana iya ɗauke wuta kafin ka tayar da janareta, ba zai yarda ya ƙarar da sulusin lokacinsa yana kallon mutane biyu suna hira ba. An tsara irin waɗannan wasanni ne domin wanda ke da na'ura a ɗakinsa, wanda zai adana inda ya tsaya ya dawo gobe. Sannan ga harshe: Turancin da ake yi a ciki ba irin na aji ba ne, rubutun ƙasan allo kuma yana wucewa kafin a gama haɗa baƙi. Ni a waya nake buga Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, kuma an daɗe ana kuka da rashin maɓallin tsallake hira a cikinsa. Idan Paimon, 'yar rakiyar da ke bin ka a wasan, ta fara maimaita abin da aka riga aka faɗa, caji yana zuba, data tana tafiya, wallahi ni ma dannawa nake yi ba tare da na karanta ba.

Malamin makaranta, Argungu:

Na yarda da batun kuɗi da wuta, amma ya kamata a raba abu biyu da mai tambaya ya haɗa. Wanda ya tsallake darasi zai sha kashi, ya koya da ƙarfin tsiya, asararsa kaɗan ce. Wanda ya tsallake labari a wasa irin The Witcher 3 kuwa ya zubar da abin da ya saya ne gaba ɗaya, kamar yaron da aka ce masa "ga ta nan, ga ta nanku" ya ce a kai shi ƙurunƙus. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland da ya fitar da wasan a 2015 ya ɗora ƙarshensa a kan zaɓin da ake yi cikin hira. Makomar Ciri, 'yar riƙon Geralt jarumin wasan, tana rataye ne a kan ƙananan abubuwa, kamar ko Geralt ya yi wasan jifa da ƙanƙara da ita lokacin da ranta ya ɓaci, ko ya raka ta ziyarar kabarin wanda ya taimake ta. Mai dannawa ido rufe zai kai ƙarshe ya tarar da baƙin ciki, bai kuma san inda ya jawo shi ba. Ni kaina sai a bugu na biyu na gane haka, kuma na ji haushin kaina ƙwarai.

Mai gyaran waya, Ƙaura Namoda:

Malam, a gafarce ni, masu ƙera wasannin ma suna da nasu laifin. Duk wanda ya sake fara Skyrim ya san azabar zaman keken dokin nan zuwa garin Helgen a farkon wasan, wanda ba a iya tsallakewa ko sau goma ka gan shi. Elden Ring na 2022 kuma ya bi ta ɗaya gefen, ya ɓoye darasinsa a cikin kogon da sai ka faɗa rami za ka shiga, har mutane da yawa suka wuce ba su sani ba, suka fito fili mahayin dokin nan mai sulken zinariya ya yi ta tattake su.

Mai gidan gem, Gusau:

Na gode muku. Maganar kuɗin awa ta shige ni, domin ban taɓa kallon abin ta nan ba. Daga wannan makon zan daina ƙirga lokacin darasin farko ga duk wanda ya fara sabon wasa, in kuma ware wa kowane yaro wurin adana nasa, in ga ko za su zauna su saurara. Ƙanena dai ya kashe dodon jiya bayan la'asar, da na nuna masa Quen.