Mene ne bambancin "te tamaranai" da "te naranai" a harshen Japananci?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar JLPT ta ƙwarewa a harshen Japananci, mataki na N2, kuma waɗannan siffofi biyu sun shige mini duhu, domin dukansu suna nuna cewa abin da mutum yake ji ya kai maƙura. A wani aiki na rubuta "ki ga shite tamaranai", ina nufin wani zato ya ƙi barin raina, sai malamarmu ta soke shi da jan biro ta rubuta "naranai". Ina roƙon masana su warware mini.

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Malamarki ta yi daidai, kuma asalin kalmar zai haska miki hanya. "Tamaranai" ta fito daga aikatau "tamaru", wato jurewa, saboda haka ma'anarta abin ya fi ƙarfin haƙuri. Shi ya sa ta fi dacewa da abin da jiki yake ji kai tsaye ko muradin da ya matsa wa zuciya: "atsukute tamaranai", zafi ya ishe ni, "aitakute tamaranai", kewarsa ta hana ni sukuni. Ita kuwa "naranai" ta abin da yake taso wa mutum ne ba da nufinsa ba, kamar zato ko nadama da suka ƙi barin rai, kuma an fi samun ta a rubutu. Don haka "ki ga suru" (jin kamar abu haka yake, tushen "ki ga shite" da kika rubuta) da "omoeru" (abu ya zo wa mutum a rai) suke tafiya da "naranai" kawai ba da "tamaranai" ba. Ni dai wannan siffa tana burge ni ƙwarai, domin tana nuna tunani a matsayin baƙon da ya sauka ba tare da gayyata ba.

Malama Mai Nazari:
Ina ƙara cewa siffa ta uku, "te shikata ga nai", wato babu yadda za a yi, ta fi su faɗi, tana shiga kusan duk inda suke shiga. Sannan duka ukun na mai magana ne. Idan ana bayanin wani, sai a ƙara "rashii" ko "you da", wato da alama, domin Japanawa ba sa yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar wani. A kula kuma da "te wa naranai": wannan ƙaramar "wa" tana mayar da zancen hani.

Mai Neman Sani:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ashe "shinpai de naranai" da na gani jiya damuwa ce da ta ƙi sakin mai ita, ba umarni ba ne.