Wane irin abin kira ya dace da farautar koyote?

Baƙon Texas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san farautar koyote, wannan dilan na Amurka da ya addabi masu tumaki da awaki. Fili ne fetal a arewacin Texas, mai gonar ya ba da izini, lokacin kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. A kanti akwai usur na baki iri-iri, ga kuma na'ura mai batir da rimot wadda kuɗinta ya ninka nasu sau da yawa. Wanne mai koyo zai fara saye, kuma wane kuka ake busawa?

Mai Usur:
Wa alaikumus salam. Usur na baki iri uku ne, bambancinsu kuwa a harshen da ke kaɗawa yake, kamar dai na bakin algaita. Akwai mai rufaffen harshe, wanda harshen ke cikin bututu. Shi ne mafi sauƙi: ka busa, ka riƙa buɗe tafin hannu kana rufewa a bakin bututun, sai kukan zomon da aka cafke ya fito. Aibinsa biyu. Murya ɗaya gare shi, sannan a cikin sanyin Janairu tururin numfashi da yawu kan daskare a kan harshen, ya maƙale, ka busa ka ji tsit. Maganinsa a rataye shi ta cikin riga, ya zauna a jikin ƙirji.

Mai buɗaɗɗen harshe shi ne na aiki. Da leɓe ko haƙori ake danne harshen: ka danne kusa da tsini ya ba ka siririyar murya, ka matsa ciki ta yi kauri. Da guda ɗaya za ka yi kukan zomo, tsuwar ɓera, kukan kwikwiyo, har da dogon kukan koyoten kansa, kuma bai cika daskarewa ba. Sai dai yana son atisaye, gara a yi makonni ana gwadawa a cikin mota kafin a kai shi daji. Na ukun ɗan faifan roba ne da ake mannawa a ganɗa, yana barin hannu biyu a kan bindiga, amma ba na mai koyo ba ne.

Ka sayi na farko da na biyu, sun ishe ka shekarar fari.

Ɗan Filato:
Malam Mai Usur ya yi bayani, amma akwai inda zan saɓa masa. Koyote ba ya zuwa kai tsaye. Yana jin kuka sai ya kewaya ta ɓangaren da iska ta nufa, don ya shinshini abin kafin ya matso. In usur ɗin a bakinka yake, kai ne tushen kukan, kai zai kewaya, warinka zai sha ya juya tun yana nesa, ba ka ma san ya zo ba. Amfanin na'ura ke nan, ba yawan muryoyinta ba. Ka ajiye ta mita 30 zuwa 50 ta inda iska ke fitowa, ko a gicciye, kai kuma ka zauna inda kake hangen ɓangaren da iskar ta nufa. Ya kewaya na'urar, ya faɗo gabanka.

Wajen saye, na'urorin kamfanonin FOXPRO da ICOtec da Lucky Duck duk sanannu ne. Kada ɗaruruwan muryoyin da aka rubuta a kwali su ruɗe ka, biyar ko shida za ka riƙa amfani da su. Ka duba cewa lasifikar ba ta gurgura in an ƙure ta, rimot ɗin yana kamawa ko da na'urar tana ƙasa cikin ciyawa, kuma maɓallansa na dannuwa da safar hannu. Batir na alkalin yana saurin mutuwa a sanyi, ka sa na litiyam. Ka ɗaura gashin tsuntsu da zare a sanda kusa da ita, motsin zai ɗauke idonsa daga kanka.

Tsohon Maharbi:
Maganar kuka, watan ne ke zaɓa maka. A Disamba akwai 'yan bana, waɗanda aka haifa a Afrilu, sun rabu da iyaye, ga yunwa ga rashin wayo, kukan zomo ya wadatar. Ƙaramin zomo muryarsa siririya ce, ta dace da wuri mai duhuwa. Babban zomon daji mai dogayen kunnuwa muryarsa a shaƙe take, tana kai wa nesa a fili irin naka. Daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu lokacin barbara ne, hankalinsu ya koma kan mace da tsaron yanki. A nan sai dogon kuka guda biyu ko uku, da siririyar murya, sannan shiru na minti biyar. Kuka mai kauri yana korar ƙananan maza. Kada kuma ka haɗa shi da haushi a jere, don a wurinsu wannan gargaɗi ne cewa akwai haɗari.

Ka fara a hankali minti biyu ko uku, wataƙila akwai wanda ke kwance kusa, ƙara mai ƙarfi razana shi za ta yi. Ka rufe zaman da kukan kwikwiyon da aka ciza.

Baƙon Texas:
Allah Ya saka da alheri. Minti nawa ake yi a wuri ɗaya?

Ɗan Filato:
Minti 20 zuwa 30, sai ka matsa aƙalla kilomita ɗaya. In iska ta haura kilomita 25 a awa, kukan ba ya tafiya, ka bari sai gobe da asuba. Kada ka maimaita kuka ɗaya a wuri ɗaya kwana a jere, wanda aka harba aka kuskure ya haddace shi. A Texas na'urar kira ta halatta kuma babu lokacin rufe farautar koyote, amma sai da lasisi, wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 kuma sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. In za ka ƙetara wata jiha, ka karanta dokarta tukuna, don ba ɗaya suke ba.