Sayarwa ce ko jingina?

Direba: Jama'a, yau ma rami ya karya min sifirin da lodin tumatir, ban shiga Yankaba ba sai da kasuwa ta watse. Kuma ga shi a rediyo ana cewa a bai wa kamfanoni hanyoyi su gina, su riƙa karɓar kuɗi. Wato za a sayar da titi, talaka ya biya kafin ya wuce!

Ɗan Jami'a: Yaya, ba sayarwa ba ce. Kamfani ya zuba kuɗinsa, ya karɓi na tolget na wasu shekaru, hanya ta koma hannun gwamnati. Akwai doka a kai tun 2005. Titin Lekki zuwa Epe a Legas shekara 30 aka ba kamfanin, a 2011 ya fara karɓar kuɗi.

Direba: Shekara 30? Ni da nake da 46? A wurina an sayar.

Kawu Mai Taki: Jingina ke nan, kamar ta gona.

Malamin Islamiyya: Kawu, a yi hattara da kalmar nan. Wanda ya ba da bashi ya ci amfanin abin da aka jinginar masa, malamai sun ce riba ce. A kira shi haya.

Kawu Mai Taki: Allah gafarta Malam, haya mai gida ake biya. A nan wa ke biyan wa?

Ɗan Jami'a: Akwai ma wani tsarin babu tolget. Dangote ya yi hanyar Obajana zuwa Kabba da kankare, aka cire masa daga haraji.

Tela: Tunda an zo maganar jingina, wasu a zauren nan suna noma gonar marayu damina takwas ke nan. Ban kira suna ba.

Kawu Mai Taki: Kira mana! Babanku da ƙafarsa ya zo ya karɓi kuɗi a gaban mai unguwa. Kawo kuɗin yau, gobe ka ɗau fartanya.

Tela: Gyaɗar da ka cire ba ta biya bashin sau uku ba?

Baba Tsohon Kansila: Ku yara ne. Tolget ɗin da Obasanjo ya rushe mun gan su da idonmu. A lokacinmu kwalbati biyu muka yi a garin nan, ba mu karɓi sisin kowa ba.

Tela: Baba, ɗaya dai. Ɗayan ruwa ya tafi da shi tun daminar farko.

Direba: To ni sifirin ɗina fa?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma: jingina ce, kamar yadda Kawu ya faɗa tun farko, kuma kowa ya ga ba a kawo hujjar da ta ture shi ba. Maganar gona ba ta zaure ba ce. Tela, ka goge saƙonka ka ba Kawu haƙuri.

Tela: Surukinka ne ai.