Kore uku a kati ɗaya: yadda muka zaɓi na bangon ɗakunanmu

Uwargida, Kano:
Assalamu alaikum. An kammala filastar falonmu da ɗakin kwana, kuma maigida ya bar mini zaɓen launi. Kore nake so, amma katin launukan da aka kawo mini daga kasuwar Ƙofar Ruwa yana ɗauke da kore uku masu kama da juna, waɗanda sai na jera su kafin in ga bambancinsu. Ɗaya ya ɗan karkata zuwa rawaya, ɗaya ya fi kusa da shuɗi, na ukun kuma kamar an sirka shi da ruwan toka. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shafa kore a cikin ɗaki su gaya mana wanda suka ɗauka, da yadda ya kasance bayan ya bushe.

Mai fenti, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A aikina ba na yarda mai gida ya sayi bokitin lita 20 bisa kallon kati kawai, domin koren da ya yi sanyi a ɗan ƙaramin kati yakan yi ƙarfi sosai idan ya mamaye bango huɗu, tunda kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa da hasken launin. Abin da nake yi shi ne mu sayi mafi ƙanƙantar gwangwani na kowane launi, in shafa fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke fuskantar taga da kuma wanda tagar take jikinsa. Ina barin farin fili tsakanin launukan, saboda idan suka haɗa kafaɗa, mai rawayar yakan sa ɗayan ya zama kamar shuɗi zalla a ido. Sannan a bar su su kwana, domin emulshin, wato fentin bango da ake sirkawa da ruwa, yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe.

Malama, Zariya:
Ni mai ruwan tokar na ɗauka, kuma da rana babu abin da ya kai shi kwantar da hankali. Da dare ya yi aka kunna fitilu, sai falon ya koma kamar ɗakin asibiti, koren ya gudu, tokar ta fito. Ƙanena ne ya lura cewa ƙwayayen fitilunmu duka masu farin haske ne, waɗanda aka rubuta 6500K a kwalinsu. Muka canja su da masu 3000K, waɗanda haskensu ya karkata zuwa rawaya, sai koren ya dawo da ɗuminsa ba tare da an ƙara ko ɗigon fenti ba. Don haka, Hajiya, ki duba gwajin naki da safe, da la'asar, da kuma bayan isha'i a ƙarƙashin ainihin fitilun da za ki riƙa amfani da su, har da na sola idan kuna da su.

Alhaji, Damagaram:
Tagar ɗakina yamma take kallo, kuma katangar maƙwabcina jar ƙasa ce. A bazara, daga la'asar zuwa faɗuwar rana, hasken da ke shigowa ja-ja ne, ya daki katangar kafin ya iso gare ni. Da na gwada mai karkata zuwa rawaya, sai ya zama wani launi mai dauɗa-dauɗa a wannan lokaci, wanda kuma shi ne lokacin da na fi zama a ɗakin. Mai shuɗi-shuɗin ne ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma sa ɗakin ya yi sanyi a ido. Shi nake ba kowa shawara a ƙasarmu mai zafi.

Malama, Zariya:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban ga ya dace da kowane ɗaki ba. Yayata ta shafa irinsa a ɗakin da tagarsa ƙarama ce, ga kuma bishiyar darbejiya ta rufe ta, sai ɗakin ya yi duhu har da tsakar rana, domin hasken da ke ratsa ganyen ma kore ne. Daga baya ta mayar da shi tsanwa mai haske kafin ɗakin ya buɗe. A wasu katunan ana rubuta lambar da ke nuna yawan hasken da launi yake mayarwa, daga 0 zuwa 100, kuma a ɗaki irin nata wanda lambarsa ta fi girma shi ne abin nema, ko da kuwa ido bai ga bambanci a katin ba.

Uwargida, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tagar falona gabas take kallo, tayil ɗin ƙasa ruwan madara ne, kujeruna kuma ruwan ƙasa mai duhu. Malam mai fenti, shin waɗannan ma suna da tasiri? Kuma tsakanin mai sheƙi da marar sheƙi, wanne ya fi dacewa da gidan da yake da yara?

Mai fenti, Kaduna:
Suna da tasiri sosai, Hajiya. Tayil ruwan madara da kujeru ruwan ƙasa sun fi jituwa da mai rawayar ko mai tokar, kuma na sha ganin jan kafet ya sa kore mai sanyi ya yi kaifi fiye da yadda mai gida ya zata. Ki jingina matashin kujera ɗaya da ƙyallen labulenki a jikin gwajin kafin ki yanke hukunci.

Game da sheƙi, launi ɗaya mai lamba ɗaya yakan fito daban a satin, wato fenti mai ɗan sheƙi, da kuma a emulshin marar sheƙi. Satin yakan nuna launin da ɗan zurfi, yana kuma jure gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, wanda ba ƙaramin amfani ba ne a gidan yara da kuma lokacin ƙurar hunturu. Sai dai yana tona duk wani tudu da kwarin filasta, don haka sai an yi sikiridin mai kyau, wato an daidaita fuskar bangon ta yi sumul, kafin a shafa shi. Tunda filastarku sabuwa ce, ku ba ta kamar mako huɗu ta bushe, domin ɗanyen siminti yana cin launi, har ka ga kore ya yi dabbare-dabbare.

Injiniya, Abuja:
Ina so in ƙara abu ɗaya da ya faru a wani gini da na kula da shi. Fenti ya ƙare ana tsakiyar bango, aka aika yaro ya sayo ƙarin bokiti da sunan launin kawai, mai shagon kuma ya haɗa shi da hannu. Bayan ya bushe, layin da tsoho da sabo suka haɗu ya fito fili, kuma a kore mai haske irin wannan bambanci ba ya ɓuya. Tun daga nan nake sa a auna bangon a lissafa litocin da za su isa shafi biyu, a saye su lokaci guda a wurin da ake haɗa launi da na'ura, a rubuta lambar launin a ajiye tare da rasit. Idan bokitan sun fi ɗaya, sai a juye su a babban mazubi a gauraya kafin rola ta taɓa bango, a kuma hana ma'aikata ƙara ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokitin. Ragowar kuma a rufe ta da kyau a ajiye a inuwa, domin gyaran wuraren da kayan ɗaki za su kuje a ranar tarewa.