Furen okid ɗina ya zube cikin kwana uku, wa ya taɓa ganin haka?

Uwargida, Hotoro: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Okid ɗina, wato shukar furen ado, irin Phalaenopsis ne, fure tara a kara ɗaya, mako biyu kacal da buɗewa. Shekaranjiya na tarar sun yi yaushi kamar an watsa musu ruwan zafi, yau har waɗanda ba su buɗe ba sun faɗo. Ban canja ban-ruwa ba. Wallahi abin ya sosa min rai.

Malamin gona, Kabuga: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai kayan marmari kusa da shi?

Uwargida, Hotoro: Akwai, Malam. Maigida ya kawo ayaba daga 'Yan Lemo, a teburi ɗaya na ajiye su.

Malamin gona, Kabuga: To ga mai laifin nan. Ayaba in tana nuna, tana fitar da iskar etilin. Sinadarin homon ne na shuka, shi ke sanar da fure cewa aikinsa ya ƙare, okid kuwa ba ya jure ko kaɗan daga cikinsa. Mangwaro da tumatir ma haka. Ni ma na yi asarar guda biyu kafin na raba su da kicin.

Mai fulawa, Nassarawa: Gaskiya ne Malam. Ni hayaƙin janareto ne ya cuce ni, shi ma akwai etilin a cikinsa. Tukwanen da ke kusa da salansa duk suka zubar, na can nesa ko gezau.

Ɗaliba, Gwale: Nawa fure ɗaya tak ya mutu. Ƙanena ne ya sa tsinke ya cire 'yar hular da ke tsakiyarsa, mai rufe ƙwayoyin barbara. Daga baya na karanta cewa cire ta, ko yin barbarar, yana sa furen ya soma yin etilin da kansa.

Mai fulawa, Nassarawa: Hajiya, in karan yana kore kada ki tsige shi. Ki yanke sama da gaɓa ta biyu ko ta uku. Oksin, wani homon da kan kara ke turowa ƙasa, shi ke danne idon da ke barci a gaɓa. In an cire kan, yakan farka. Ni na taɓa ɓare fatar gaɓar na shafa man saitokinin, homon mai sa tsiro, sai ga ɗan okid da ganye biyu. Sai da saiwarsa ta kai tsawon yatsa na raba shi da uwar.

Uwargida, Hotoro: Allah ya saka da alheri. Na kwashe ayabar, karan ma da sauran korensa. Bari in nemo reza sabuwa.